Hawan jini yana nufin jini ya yi wa mutum yawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An auna ni sau uku, kullum sai a samu kusan 155/95. Wani abokina ya ce jini ne ya yi mini yawa, in je a yi mini ƙaho a rage. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba ka lafiya. Abokin naka alheri ya nufa, amma abin ba haka yake ba. Na'urar awon ba ta auna yawan jini. Ƙarfin da jini yake danna bangon jijiya shi take aunawa.

Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma zuciya tana tura kwatankwacin haka a kowane minti idan yana hutawa. Duk bugu ɗaya tana fitar da kimanin mililita 70 zuwa babbar jijiya. Lambar sama, wato 155 ɗinka, matsin lokacin da zuciya ta matse ce. Ta ƙasa kuwa matsin da ya rage ne tsakanin bugu da bugu. Ba ya sauka zuwa sifili saboda babbar jijiya tana buɗewa idan jini ya shigo, sannan ta koma, ta ci gaba da tura shi yayin da zuciya take cika.

Abu biyu ke haɗuwa su ba da matsin: yawan jinin da zuciya ke turawa a minti, da wahalar da yake sha kafin ya wuce ƙananan jijiyoyi. A wurin mafi yawan masu hawan jini, na biyun ne ya ƙaru. Ka taɓa ganin mai ban ruwa ya danne bakin tiyo da yatsa? Bai ƙara ruwa ko ɗigo ba, amma tiyon ya yi tauri a hannunsa.

Wani likitan Faransa, Jean Poiseuille, ya yi gwaji da siraran bututun gilashi a shekarun 1840, ya gano abin da har yau yake ba ni mamaki. Idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar wucewar ruwa tana ninkuwa sau 16. Ko kashi 10 cikin 100 kawai faɗin ya ragu, wahalar ta ƙaru da sama da rabi. Ƙananan jijiyoyinmu kuwa suna da tsoka a bangonsu, suna tsukewa suna sakewa. Tsukewar da ido ba zai gane ba ta isa ta tilasta wa zuciya ƙara ƙarfi don jini ya kai ƙwaƙwalwa da ƙoda. Shi ya sa magani irin amlodipine aikinsa sassauta wannan tsokar ne.

Yawan ruwan jiki yana da nasa tasirin, amma ƙoda ce ke riƙe da linzaminsa. Gishiri da dunƙulen miya idan sun yi yawa, jiki yana riƙe ruwa, matsi ya hau. Ɗan jinin da ƙaho zai fitar kuwa, jiki zai mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, jijiyoyin kuma suna nan a tsuke yadda suke. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya yi ƙaho, hankalinsa ya kwanta, ya ajiye magani, alhali hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Awonka ya wuce 140/90 har sau uku, don haka ka koma asibiti a duba ka sosai, a gwada ƙoda da sikari. In za a sake aunawa, ka zauna ka huta minti biyar, ka jingina baya, ka ɗora hannu a tebur daidai da ƙirji. Hannun da aka sake yana lilo a ƙasa yana ƙara lambar, domin nauyin jinin da ke samansa yana shiga cikin awon. Idan an rubuta maka magani, ka sha kullum ko kana jin garau.