Tambaya da Amsa: Wasan Pokémon da aka yi wa faci ya ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sauko da facin Pokémon Unbound, na liƙa shi a kan FireRed, amma da na kunna sai farin allo kawai. Wayar ce ko facin? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka daina zargin wayar, matsalar tana jikin FireRed ɗin da ka ɗora facin a kai. Wasan ya fito ne a 2004 don na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy Advance, kuma na Amurka iri biyu ne: 1.0 da 1.1. Unbound da Radical Red, wasannin da masoya Pokémon suka ƙera ta hanyar gyara FireRed, duk a kan 1.0 aka gina su. Faci ba cikakken wasa ba ne, umarni ne kawai na cewa a canza abu kaza a gurbi kaza cikin fayil. A 1.1 guraben sun gusa, sai gyaran ya sauka inda bai kamata ba, kamar tela ya yi maka ɗinki da awon wani.

Gane wanda ke hannunka ba wuya. Kunna FireRed ɗin kafin faci, ka lura da tambarin Game Freak, kamfanin da ya ƙera wasan: in akwai kalmar PRESENTS a ƙarƙashinsa, 1.1 ne. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne lambar tantance fayil da ake kira CRC32, wadda shafin liƙa faci na Rom Patcher JS ke nunawa da zarar ka sa fayil ɗin. Ta 1.0 ita ce DD88761C, girmansa kuma megabait 16.

Faci iri-iri ne: nau'in UPS da na BPS suna duba wannan lamba, su ƙi liƙuwa in ba ta dace ba. Nan ne da yawa ke danna maɓallin tsallake gargaɗi, su ƙare da farin allo. Na IPS kuwa ba ya duba komai, ko a kan me ka ɗora shi zai hau. Kada kuma ka yi faci a kan fayil ɗin da aka riga aka yi wa wani. Ka ware kwafi mai tsabta. A doka, daga kaset ɗinka ya kamata ka ciro ainihin wasan, shi ya sa masu gyaran faci kaɗai suke rabawa. Wanda abokai ke turowa ta Xender da sunan APK, ni dai ban ba ka shawarar sa shi a waya ba.

Tambaya: Malam, wasana yana tafiya, amma ajiya ba ta zama. Sai ya rubuto wani abu game da 1M. Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Malama, saƙon 1M ɗin yana nufin nau'in ajiyar bai dace ba. Shiga saitin manhajar da kike kunna wasan, ki mayar da nau'in ajiya Flash 128K, ki goge tsohon fayil ɗin ajiya (.sav) da ya lalace, ki sake kunnawa. Manhajar kunna wasa ta mGBA kan gane wannan da kanta. Kada ki dogara da ajiyar gaggawa ta manhajar kaɗai, domin bayan an ci Elite Four, manyan abokan karawa na ƙarshen wasa, wasan yana yin ajiya da kansa ya koma allon farko. In ajiyar ba ta aiki, nan tafiya ta tsaya. In an saki sabon faci, sunan .sav ya zama daidai da sunan sabon fayil ɗin wasan, harafi da harafi. Ki kunna agogon RTC ma, wato agogon da ke bin lokaci na zahiri, in ba haka ba dare da rana ba za su sauya a cikin wasan ba.