Itacen banda: yadda ake gane oak kafin a ɗora nama

Wani ɗan'uwanmu mai kiwon awaki da tumaki a bayan garin Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka, ya rubuto game da oak, wani itace mai nauyi da ake banda da shi a can, yana cewa: "Malam, na sayi itace mota guda, mai sayarwa ya rantse mini oak ne zalla. Na yi bandar naman raguna biyu, ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci. Cutata aka yi?"

Ɗan'uwa, ko dai an cakuɗa maka da fayin (pine), itace mai ƙaro wanda ya cika dazukan Jojiya, ko kuma oak ɗin ne na gaske amma ɗanye. Kowanne daga cikinsu zai ɓata nama, don haka mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka tsaya kan ɓawo. Ɓawon oak yana da kauri da zurfin tsaga, amma itatuwa da yawa haka suke, kuma a nan ne masu saye suke ruɗuwa. Ɗauki gungume ka dubi bakinsa inda zarto ya yanka. A jikin oak za ka ga layuka masu haske sun taso daga tsakiya sun nufi ɓawo, kamar wayoyin ƙafar keke. Ido yana ganinsu ba tare da gilashi ba. Sannan a kowane zoben shekara akwai jerin ƙananan ramuka kamar an huda da allura. Fayin ba shi da ramukan nan, ba shi da nauyi a hannu, yana ɗanƙo, kuma ƙamshinsa na ƙaro ne. Wannan ƙaron shi ne yake tashi da baƙin hayaƙi ya manne wa nama.

Faskara guda ɗaya ka sansana. Akwai jan oak, akwai fari. Jan oak sabon faskare yana tashin tsami-tsami mai hawa kai, farin oak kuma ƙamshinsa mai daɗi ne, shi ya sa da shi ake ƙera gangunan adana abin sha. Ka lura kuma da inda gatari ya zauna a jikin ɗanyen itacen: yakan bar tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi, domin oak yana da sinadarin jima da yawa, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema suke aiki da ita, kuma da ya haɗu da ƙarfe sai ya rine. In ka tsinci ganye a cikin lodin, ka huta. Ganyen oak sau da yawa yana da yatsu: na fari bakin yatsunsa a dunƙule yake, na ja kuma da tsini. 'Ya'yansa kamar ƙwallon dabino ne gajere, sanye da 'yar hula.

In kana son raba ja da fari babu ganye, yanki guntu kamar tsawon ɗan yatsa, mai miƙaƙƙen jiki, ka tsoma baki ɗaya a ruwan sabulu ka hura ɗayan. Jan oak zai yi kumfa domin ramukansa a buɗe suke, na fari kuma a toshe. Duka biyun suna banda lafiya. Masu gashin naman shanu na tsakiyar jihar Teksas ta Amurka da wani dangin farin oak suke aiki, saboda hayaƙinsa ba ya danne ɗanɗanon nama.

Yanzu ga inda nake zargi, kuma na sha faɗa har na gaji: ɗanyen itace. Oak ba ya bushewa da wuri. Bayan an faskara shi yana bukatar shekara guda aƙalla, sau da yawa har biyu, kafin danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Mai sayarwa zai ce maka ya bushe don an sare bishiyar bara, alhali gungumen da ba a faskara ba yana riƙe ruwansa. Buga faskare biyu da juna. Busasshe yana ƙara ƙal-ƙal, ɗanye kuma dum-dum. Busasshe bakinsa ya tsattsage, ɓawonsa yana saki. In ka sa a wuta ka ji yana tsuwwa, kumfa tana fita ta bakinsa, cire shi. Farin hayaƙi mai kauri da ke tashi daga irin wannan itace shi ne ɗacin da ka ji. Ka bari wuta ta yi garwashi tukuna, hayaƙi ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi, sannan ka ɗora nama. Sauran lodin ka jera shi a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, ka rufe samansa kawai, iska ta riƙa ratsa gefe. Kuma in ka ga wata igiyar daji mai gashi-gashi ta naɗe gungume, kada ka taɓa da hannu, kada ka ƙona: tana sa ƙuraje, hayaƙinta kuma yana illa ga huhu.

Wata Hajiya daga Zariya ta tambaya: "Na ga a intanet ana ta yabon oak. Ina zan samu?" Hajiya, ba ya fitowa a ƙasar Hausa, kuma ba ki rasa komai ba. Marke da ƙirya suna da nauyi da garwashi mai daɗewa, kuma busassun rassan mangwaro da gwaiba da aka sassabe a lambu suna ba da hayaƙi mai daɗi. Ƙirya dai ta yi ƙaranci saboda masu gawayi, don haka a ɗebi busasshen reshe, a bar mai rai. Ki guji tumfafiya da tinya da duk itace mai fitar da farin ruwa kamar nono.

Wani daga Landan yana tambaya ko zai iya banda da katakon da ake ɗora kaya a kai a shaguna, tunda wasu na oak ne. A'a. Ba ka san abin da ya zube a kansa ba, kuma mai hatimin MB an turara shi da guba. Haka katako mai fenti ko mai launin kore-kore na maganin gara.

Na ƙarshe daga wani mai bandar nama da kifi a Hadejiya: ƙwari suna shiga kayansa bayan wata biyu, wane magani zai fesa? Ko ɗaya, Malam. Kuɗin da za ka kashe a kan maganin feshin gona ka sayi itace da shi, domin abin da ka fesa cikin mutane zai shiga, har da 'ya'yanka. Ƙwaro yakan bi bandar da ba ta bushe har ciki ba. Karya guda ka duba tsakiyarta. In da laushi, mayar da kayan kan waya a wuta marar ƙarfi na wuni guda, ka bari su huce sarai, ka zuba a mazubi mai murfi, sannan ka riƙa sake turara su duk bayan mako uku ko huɗu, musamman da damina.