Fili bai zo hannu ba, banki ya amince da bashi: in karɓa ko in jira?

Tambaya: Barista, ni ma'aikaci ne a Maradi. Na yi cinikin fili a wani sabon yanka a bayan gari. Mai sayarwa ya ce ba zai damƙa mini ba sai an girbe geron da ke ciki, masu awo sun kafa duwatsun iyaka, nan da wata takwas ke nan. Banki kuma ya amince ya ba ni bashi. In karɓa yanzu?

Amsa: Malam, kada ka bari kuɗin su fito daga banki tun filin bai zo hannunka ba. Ruwa yana fara hawa ne daga ranar da aka saki kuɗi, ba ranar da ka taka filin ba. Mu ƙaddara miliyan 10 ne na sefa, da ruwan kashi 10 cikin ɗari a shekara: wajen jaka 83 ke nan duk wata. Wata takwas, ka zubar da sama da jaka 660, ga kuma kuɗin haya kana biya.

Sannan duba irin takardar da mai filin ke riƙe da ita, don a nan yawancin mutane ke tuntuɓe. Dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, har da Nijar) kan jingina, ta shekarar 2010, a sashe na 192, ta ce ƙasar da aka yi wa rajista ce ake iya jinginarwa. Acte de cession, takardar fili da ofishin magajin gari ke bayarwa, ba titre foncier ba ce, wato takardar mallakar ƙasa mai rajista. Takardar mai unguwa kuwa ba a ma maganarta. In titre bai fito ba, a nemi Sheda, wato titre mai sauƙaƙƙen tsari, a ofishin rajistar ƙasa, shi ma yana cin lokaci. Wasu bankunan kan ba da bashin bisa albashi kawai, to amma in filin ya shiga rigima, albashinka za a ci gaba da yanka.

Kai da mai filin ku tafi wurin notar, jami'in da ke tabbatar da yarjejeniya a hukumance, ku rubuta alƙawarin sayarwa. A sa lambar filin da faɗinsa, da ranar damƙawa ƙarara, ba "bayan kaka" ba. A rubuta cewa in banki ya janye ko titre bai fito ba, ciniki ya warware kuma kuɗinka su dawo. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, ya kwana a hannun notar. A bayyana matsayinsa kuma: in arrhes aka rubuta, wato kafin alƙalamin da ke ba kowa damar fasawa, sashe na 1590 na dokar farar hula ya ce kai in ka fasa ka yi asararsa, shi in ya fasa ya biya ninki biyu.

A banki, tambayi wa'adin amincewar tasu a rubuce, da ko za a sake lissafin ruwa in ya wuce. Nemi a ɗaura sakin kuɗi da ranar sa hannu na ƙarshe, su tafi kai tsaye asusun notar. In sun ce wa'adin bai kai wata takwas ba, gara ka sabunta takardunka daga baya.

Ranar ta zo bai damƙa ba? Wisiye, jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya kai masa takardar gargaɗi. In ya yi kunnen ƙashi, sashe na 1610 ya ba ka zaɓi a gaban babbar kotun Maradi: ko a tilasta shi ya ba ka filin, ko a rushe cinikin, tare da neman diyyar jinkirin bisa sashe na 1611.