Ƙungiyar masu agogo ta Landan, da abin da rashin irinta ya jawo mini

Ɗana, ka tambaye ni ko masu sana'ar agogo sun taɓa yin ƙungiya a wani wuri a duniya, kuma ko akwai amfanin ka shiga wadda samarin kasuwa suke shirin kafawa, tunda an ce kowa zai riƙa biyan kuɗin wata. Da a ce yadda ake buɗe bayan agogo ko sauya batir ka tambaye ni, da ban ɓata tawadata ba, domin duk wanda ya yi wata guda a gaban teburina bai san wannan ba, gara ya koma gida ya nemi wata sana'ar. Amma wannan tambaya ta fama mini tsohon miki, saboda haka zan ba ka amsa a tsanake, kai ma ka karanta a tsanake, ba irin karatun da kuke yi wa saƙon waya ba.

Ƙungiyar da na fi sanin tarihinta ita ce ta masu ƙera agogo na birnin Landan a Ingila, wadda Sarki Charles na Ɗaya ya ba takardar izini ranar 22 ga Agusta, 1631, kuma tana nan da ranta har yau. Kafin wannan lokaci masu agogo ba su da gidan kansu, akasarinsu a ƙarƙashin ƙungiyar maƙera suke, domin agogunan farko manya ne na baƙin ƙarfe da ake ɗorawa a kan hasumiya, aikin wuta da guduma. Da ƙananan agogunan tagulla da azurfa da zinariya suka yawaita, sai ya zama maƙerin da ke yin kofaton doki ba shi da idon da zai yi hukunci a kan irin wannan aiki. A 1622 masu agogon suka kai kuka fada cewa baƙi, galibi daga Faransa, sun cika gari suna cin kasuwarsu, suka nemi a ba su ikon tsare sana'arsu. Maƙera ba su so a rabu ba, aka yi ta jan magana, sai bayan shekara 9 buƙatarsu ta biya. Shugabansu na farko shi ne David Ramsay, mutumin Sikotilan, mai yi wa sarki agogo.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne irin ikon da takardar nan ta ba su, domin a nan ne duk amfanin ƙungiya yake. A cikin birnin da kewayensa har nisan mil 10, shugabannin ƙungiya suna da ikon shiga shagon kowane mai agogo su duba abin da yake ƙerawa da abin da yake sayarwa, idan suka tarar da aikin ha'inci su ƙwace shi, su farfasa shi. Yaro kuwa sai ya yi shekara 7 yana koyo a hannun maigida guda, sannan ya ƙara shekara 2 yana aikin lada a ƙarƙashin wani, sannan ya kawo aikin da ya yi da hannunsa dattawan sana'a su duba, kafin a yarda ya zama maigidan kansa ya ɗauki yara. Har yawan yaran da mutum zai ɗauka an ƙayyade. Ku kuwa na yanzu, yaro zai yi wata shida yana sauya batir da maɗauri, sai ka ji yana neman a yaye shi, gobe ka gan shi a bakin titi da akwatin gilashi da sukudireba biyu ana ce masa injiniya.

Ga abin da ya sa nake jin zafin wannan magana. Shekarun baya, lokacin da agogo mai wani, wato wanda ake murɗawa da hannu, yake da daraja kuma alhazai suke dawowa da shi daga Jidda a matsayin babbar tsaraba, wani mutum ya zo shagona dab da magariba, cikin babbar riga mai aiki, direba yana jiran sa a mota. Ya cire agogon zinariya na Suwizalan daga hannunsa, ya ce ya tsaya masa, yana sauri zai je ɗaurin aure a wani gari, in duba masa kafin ya dawo. Na rubuta masa rasit kamar yadda kowane mai gyara a kasuwar yake yi a lokacin, sunan agogo da ranar karɓa, ya tafi. Washegari da safe na buɗe shi a gaban yarona. Gidan agogon na gaske ne, fuskarsa ma ta gaske ce, amma injin da ke ciki na banza ne, irin wanda ake sayarwa a faranti. Bai ma cika gidan ba, sai da aka kewaye shi da zoben roba don kada ya yi lilo. An datse ƙafafun fuskar agogon saboda ba su dace da ramukan wannan inji ba, aka liƙa ta da gam, kuma gam ɗin ya tsufa har ya koma ruwan ƙasa yana ɓarɓashi. Kawunan sukurorin duk sun yi tsatsa sun kama jikin injin. Duk wanda ya taɓa sa gilashin gyara a idonsa ya san aikin nan ya shekara da shekaru.

Nan take na aika masa cewa ya zo ya ga abin da ke cikin agogonsa, ina zaton cutarsa aka yi a wajen saye, har ina tausaya masa. Sai ga shi da mutum biyu, yana ɗaga murya tun daga bakin layi, wai ya kawo mini agogo da injinsa na asali, na cire na sayar, na sa masa jabu. Mutane suka taru. Ni da na yi shekaru a wurin ba a taɓa jin na riƙe wa kowa ko allura ba, aka tasa ni gaba zuwa ofishin 'yan sanda, yarona yana biye da mu yana kuka.

A can na roƙi jami'in da ya karɓi maganar ya dubi gam ɗin da tsatsar. Na miƙa masa gilashina, ya sa a ido ya juya agogon, ya ce shi bai ga komai ba sai ƙarafa. Ban ga laifinsa ba, ba sana'arsa ba ce, shi abin da ke gabansa rasit ne mai sa hannuna da mutum mai babbar riga. Ya ce in kawo masani ya ba da shaida. Na bi masu gyaran agogo na kasuwar ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ba ya shiga maganar hukuma, wani ya ce mutumin babba ne yana tsoron abin da zai biyo baya, wani kuma na ga farin ciki a fuskarsa domin ya san masu kawo mini aiki za su koma wurinsa. Dattijo guda ne ya yarda ya je, ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah, sai aka ce ai abokina ne, kuma wace takarda yake da ita da ta nuna shi masani ne? Babu. Da rikicin nama ne, da an kira Sarkin Pawa, da na ƙira ne, da an kira Sarkin Maƙera, maganarsu kuma ta zauna. Mu sana'armu baƙuwa ce, ba mu da sarauta, ba mu da ƙungiya, kowa gashin kansa yake yi.

Ƙarshenta dattawan kasuwa suka shiga tsakani suka yi abin da suka kira sulhu, wato in biya rabin kuɗin agogon a bar maganar. Rabin nan ya fi abin da nake samu a wata da watanni. Don in haɗa shi sai da na sayar da ɗan injin feƙe ƙarfe da na gada daga maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda da shi nake feƙe sabuwar sandar balans, wato 'yar sandar da ƙarfen da ke daidaita bugun agogo yake juyawa a kanta, idan ta agogo ta karye. A duk layin nan ni kaɗai nake iya wannan aiki, kuma tun daga ranar ban sake samun irin injin ba, shi ya sa kai ma ba ka taɓa ganin an yi ba. Daga baya wani mai gyara daga wani gari ya ba ni labarin mutum mai irin wannan kama, da irin wannan agogo, da irin wannan sauri na magariba. Kuɗin na daɗe da haƙura da su, amma kallon da maƙwabtana suka yi mini ranar da aka wuce da ni, har gobe ban yafe ba.

Turawan Landan sun san wannan cuta tun da daɗewa, sun kuma nemi maganinta. Thomas Tompion, wanda ya shiga ƙungiyar a 1671 kuma daga baya ya shugabance ta, sunansa ya yi tsada har wasu suka riƙa rubuta shi a kan agogunan da bai taɓa gani ba. Yana cikin na farko da suka riƙa buga wa kowane agogo lambarsa, ta yadda za a iya bin sawunsa. A 1698 majalisar dokokin Ingila ta yi doka cewa mai ƙera agogo ya zana sunansa da garinsa a jikin aikinsa. Ka ga darajar da aka ba sana'ar: da Tompion ya rasu a 1713, a cocin Westminster aka binne shi, inda aka binne sarakunan Ingila da yawa, kuma George Graham, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya gaje shi, ya shugabanci ƙungiyar a 1722, da ya rasu a 1751 aka sa shi a kabari ɗaya da maigidansa.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙungiya ma tana iya danne mai gaskiya idan ta ga abincin 'ya'yanta zai ragu. A 1704 wani masani ɗan Suwizalan mai suna Nicolas Fatio da wasu 'yan'uwa biyu masu agogo, Peter da Jacob Debaufre, suka samu takardar mallakar fasahar huda yaƙutu a sa shi inda sandunan inji suke juyawa, wato jajayen duwatsun nan da kake gani a cikin kowane agogon kirki. Da suka nemi majalisa ta tsawaita musu wa'adi, ƙungiyar ta tashi tsaye, ta kawo wani tsohon agogo na Ignatius Huggeford mai dutse a jikinsa, ta ce ai an riga su. Aka hana su. Sai bayan shekaru masu yawa aka kwance agogon aka tarar dutsen ado ne kawai, ba ya ɗauke da komai. Wannan abin kunya ne, kuma ina faɗar sa ne don ka san shugabancin ƙungiya sai mai tsoron Allah.

Sauran tarihin gajere ne. A cikin ƙarni na 18 binciken shaguna ya mutu, gari ya yi girma, ikon ya zama na takarda. A 1797 gwamnatin Firaminista William Pitt ta sa haraji a kan mallakar agogo, sule 5 a kan na gida, sule 10 a kan na aljihu na zinariya, mutane suka daina saye, masu sana'a suka shiga yunwa, aka yi ta kuka har aka soke dokar a shekarar da ta biyo baya. Da agogunan Suwizalan da na Amurka masu araha suka fara cin kasuwar Ingila, sai masu sana'ar suka kafa wata cibiya a unguwar Clerkenwell ta Landan a 1858 don koyarwa da jarrabawa da ba da takardar shaida, wadda ta koma wani gida mai suna Upton Hall a wajen Landan a 1972. Tsohuwar ƙungiyar kuwa ta koma tallafa wa masu koyo da adana kayan tarihi, kuma tun 2015 tarin agogunanta yana gidan tarihin kimiyya na Landan, har da agogon jirgin ruwa na biyar da shahararren mai ƙera agogo John Harrison ya ƙera.

To, game da taku. Na ji an ce an riga an zaɓi shugaba da ma'aji da mai hulɗa da jama'a, an buɗe zaure a WhatsApp, ana maganar ɗinka riga iri ɗaya, amma ban ji wanda ya ce ga yadda za a gane wanda ya iya aiki ba. Idan ƙungiyar karɓar kuɗin wata ce da gudummawar biki da suna, adashi ke nan, kuma ba na hana ka adashi, sai dai kada ka kira shi ƙungiyar sana'a. Ka je taronsu ka tambaye su wa zai jarraba yaro kafin a yaye shi, kuma shekara nawa zai yi. Ka tambaye su ko za su iya zuwa teburin ɗan'uwansu su ɗauke jabun da yake sayarwa da sunan na gaske, ko da ƙanin shugaba ne. Sannan ka tambaye su ko za su naɗa dattawa uku da hukumar kasuwa da 'yan sanda suka san da zamansu, waɗanda idan rikici ya tashi tsakanin mai gyara da mai agogo, su za a kira su sa gilashi su faɗi abin da suka gani, maganarsu ta zama hujja. Idan sun amsa wannan na ƙarshen da gaske, ka shiga, ni zan biya maka kuɗin wata uku na farko, kuma idan suna neman dattijo ina nan.

Kafin nan, littafin nan mai baƙin bango da kake ƙorafin yana ɓata maka lokaci, ba za a daina cika shi ba muddin sunana ne a kan shagon. Kowane agogo za ka buɗe shi a gaban mai shi, ka rubuta lambar gida da lambar inji, ka ɗauki hotonsa da wayar nan da ba ta barin hannunka, ya sa hannu kafin ya ɗaga ƙafa. Wanda ya ce yana sauri, ka mayar masa da agogonsa ya dawo ranar da yake da lokaci, ko da kuwa motarsa ta cika layin nan.