Wai me ke hana ƙasashe cika alkawarin sauyin yanayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A Agege nake zaune, ina sayar da tumatur a Mile 12, bana ruwa har ɗaki ya shigo mana sai kan benci muka ɗora katifa. Kullum a rediyo sai ka ji shugabanni sun yi taron sauyin yanayi, to wai me ke hana su cika alkawari ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Masana hulɗar ƙasa da ƙasa kansu ya rabu a kan wannan. Wasu sun ce duniya kasuwa ce da ba ta da sarkin kasuwa, ba mai kama ƙasar da ta saɓa, don haka kowa tasa ta fishe shi. Hujjarsu Amurka, ta sa hannu a yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya amma majalisarta ba ta taɓa amincewa ba, ta Faris ta 2015 kuma Trump ya fitar da Amurka daga cikinta, Biden ya maido ta a 2021, Trump na dawowa a 2025 ya sake sa hannun fita.

Wasu suka ce a'a, haɗin kai na yiwuwa in an tsara shi, duba yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 kan gas ɗin firij da na'urar sanyaya ɗaki mai lalata lemar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, duk ƙasashen duniya sun shiga, aka buɗe asusun tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, yanzu lemar ozon na farfaɗowa. Ni dai a ganina ta yiwu ne don canza gas ɗin firij ba tsada, man fetur da kwal kuwa da su ƙasashe ke cin abinci.

Akwai kuma masu cewa ƙasa ma tana jin kunya, tana neman suna a idon duniya. Buhari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 ya ce Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, alhali yawancin kuɗin wajenmu daga mai yake fitowa.

Abin da ke min ciwo wallahi, hayaƙin Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, amma mu ke kwashe ruwa da bokiti. A 2009 ƙasashe masu kuɗi suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don tunkarar sauyin yanayi, sai 2022 aka ce kuɗin sun cika, kuma kaso mai yawa bashi ne za a biya.