Tayar da tsohuwar Vespa: ta ina za a fara?

Malam, ka ce Vespar mahaifinka ta shekara 15 a jingine a zaure, kana son ka tayar da ita da hannunka, har ka sayo fenti. Ajiye fentin tukuna, shi ne na ƙarshe.

Kada ka buga mata kik yanzu. Fara kwance tanki ka haska ciki da tocila. Tsohon fetur yakan daskare kamar ƙaro, ga tsatsa, kuma duk kafireta za su nufa su toshe ta. Wanke tankin da kafiretar, ka sa sabon fulogi, ka canza man giya. Injinta na gauraye ne, wato ana haɗa fetur da man inji mai suna 2T: a yawancin masu lamba 150, mililita 20 na man a kowace litar fetur. Ni na taɓa yin ganganci da wannan, fistin ya kama a tsakiyar titi.

Duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa da waya, notuna kuma a gwangwani daban-daban.

Tayoyi da wayoyin birki sababbi za ka sa, ko da tsofaffin suna da kyan gani. In tsatsa ta ci ƙasan matakin ƙafa, kai wa ƙwararren mai walda, don jikin nan shi ne ƙashin bayanta. Buɗe cikin inji kuma sai tsohon bakaniken Vespa.