Zarni, ƙarni, ɗoyi da tusar bodari

Wata baiwar Allah daga Agege ta turo tambaya, ta ce yaranta duk a Legas aka haife su kuma komai ya buge su a hanci sai su ce wari, kifi wari, bayi wari, tuwo ya ƙone wari. Tana so in bambance mata kalmomin yadda yara za su gane. Sannan autanta ya ji kakarsa ta ce "tusa ta ƙare wa bodari" ya tsare ta wai meye bodari.

To Hajiya ba su yi kuskure ba, wari shi ne uban gayya, amma gaskiya ina jin ciwon yadda sauran kalmomin ke ɓace wa yaranmu na nan Ikko, don Bahaushe bai raba su a banza ba, kusan kowanne da abin da ke haddasa shi.

Zarni na fitsari ne. Ki ce musu akwai wasu ƙwayoyin halitta mitsi-mitsi da ido ba ya gani, bakteriya, in fitsari ya kwana sai su farfasa sinadarin da ke cikinsa ya koma amoniya, ita ce ke yi wa mutum yaji a hanci har ido ya kawo ruwa. Shi ya sa katifar da aka yi wa fitsari aka bari ta kwana ba a shanya ba, takan fi ta safiyar yau tashi.

Ƙarni kuma na kifi ne da jini da ɗanyen nama. Wanda ya taɓa bi ta mayankar Oko-Oba ya san shi. Kifin teku irin su titus ya fi na kogi ƙarni, don akwai wani sinadari a jikinsa da yake juyewa bayan ya mutu, kuma lemon tsami yana kashe shi, to kin ga wanke kifi da lemon tsami da iyayenmu ke yi kimiyya ce zalla. Ƙauri na abin da ya ƙone ne, hamami na bunsuru ko jikin da ya sha gumi.

Ɗoyi ya fi duka nauyi, na ruɓa ne, mushe, kwata da ta toshe da damina, ƙwai bara-gurbi. A nan bakteriya suna cin abin suna sakin iskar da ke da farar wuta a cikinta, kuma hancin ɗan Adam yana kama ta ko da 'yar kaɗan ce, rahama ce wannan, gargaɗi ne kar a kai baki.

Sai bodari. Wata 'yar dabbar daji ce baƙa mai fararen zane a baya, da dare take yawo. In aka matsa masa sai ya juya baya ya ɗaga wutsiya ya feso wani ruwa mai azabar ɗoyi daga ƙarƙashin wutsiyar, mai binsa ya ja baya dole. Wato a zahiri ma ba tusa ba ce, ruwa ne, kuma ba shi da yawa, in ya fesar sai ya jira jiki ya sake tarawa. Kin ga inda karin maganar ta fito, makaminsa ke nan, in ya ƙare ba shi da sauran abin kare kai. Ana faɗa wa mutumin da dabararsa ko abin da yake taƙama da shi ya ƙare, kamar mai cin bashi da ya gama zagaye kowa a kasuwar Mile 12 babu sauran mai ba shi ko kwandon tumatir ɗaya.